Hannun 'Yar Maɗori

Makurɗi, Nuwamba 1967

Zuwa ga matata Zaituna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baffa Gwadabe da Goggo 'Yardada da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, sai sauro. Sauron garin nan ya fi sajenmu naci. An ba ni babbar mota, ina kai abinci da kaya bakin daga in dawo. Ban riƙe bindiga ba, kada ki tayar da hankalinki.

Bayan haka, na sami labarin Baffa ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya riƙe ni tun rasuwar ƙaninsa mahaifina, shi kuma ya ba ni ke. Allah ya tashi kafaɗunsa. Goggo ta sa an rubuto mini cewa kin rufe ɗakinki a Yakasai kin koma Jakara jinyarsa. Ban hana ba, ubanki ne, ubana ne. Amma da daga hannunki na fara ji da ya fi mini daɗi.

Abu ɗaya ke damuna. Na san zauren nan. A cikinsa na girma, ina miƙa wa Baffa kara da tsumma yana yi wa masu karaya ɗori, kafin ƙarar mota ta ɗauke mini hankali. Daga hantsi zuwa la'asar maza ne cike, wani ba riga, wani wando a tattare har cinya. To yanzu da hannunsa ba ya aiki, a sallame su su nemi wani maɗorin. Ke dai ki zauna cikin gida, ko ruwa za a kai zaure a aiki wani. Na san ki da leƙe tun kina ƙarama.

In an sami mai zuwa ki aiko mini da yaji da daddawa. Miyar nan tasu ba ta shiga.

Mijinki,
Ƙasimu

Jakara, Kano, cikin azumi, Disamba 1967

Yaya,

Na ga takardarka. Na karanta na sake karantawa, har Goggo ta ce ko laya aka aiko mini. Ya ibada, ya sauro? Baba da sauƙi, bakinsa ya dawo, sai dai hannun da ƙafar. Yana sa maka albarka.

Zan gaya maka gaskiya tun ba a kawo maka ita da ƙarin gishiri ba. A farkon azumi aka kawo wani ɗan dako daga kasuwar Kurmi, buhun gyaɗa ya faɗo masa, ƙwaurinsa ya karye. Na gaya wa waɗanda suka ɗauko shi daga bayan ƙyaure cewa maigidan ba shi da lafiya. Suka ce to ina za su kai shi? Asibiti cike yake da sojoji, ma'aikatan kuma da yawa sun bar garin tun rikicin bara. Mutumin nan yana ihu, Baba yana ji daga ɗaki. Sai Baba ya ce a fito da shi zaure. Aka jingine shi da bango, ya dubi mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Zaituna, ɗaura mayafinki ki zo."

Ka ce na iya leƙe. To leƙen ne ya yi rana. Shekara da shekaru ina kallo ta kafar ƙyaure, kai kana miƙa kara kana hamma! Ina ɗora hannu na ji bakin ƙashin a ƙarƙashin yatsuna. Baba ya ce ja, na ja. Ya ce tsaya, ashe ni na riga na tsaya. Ya dube ni, ya ce a miƙo kara.

Tun ran nan ba a fasa zuwa ba. Baba yana gefe yana tofi, ni ina aiki. Unguwa kuwa ta ɗauka. An ce 'yar Gwadabe ta zubar da kunya, matar aure tana mammatsa ƙarti. Matar mai unguwa ta daina amsa gaisuwata. Goggo ta taso daga Yakasai ta yi faɗa har muryarta ta dishe, da ta ga ba a ji ba ta ce to ita za ta riƙa zama a zauren, kada a ce babu babbar mace a wurin. Yanzu ita ke yaga mini tsumma, tana yi tana zagina.

Ba da gangan na saɓa maka ba. Ka yi haƙuri har Baba ya miƙe.

Ni ma ina da tambaya. Wace ce take dafa miyar da ka ce ba ta shiga? Na ji an ce matan can ba sa rufe kai, kuma suna ji da direba. Yajinka yana tafe. Ka ci kai kaɗai.

Matarka,
Zaituna

Inugu, ƙarshen Fabrairu 1968

Zaituna,

Ina lafiya. An matso da mu Inugu. A gaida Baffa da Goggo.

Takardarki ta azumi ta same ni. Na haɗiye, na ce lalura ce, kwana biyu ne. Ashe ban san komai ba.

Jiya da rana muna cin abinci a gindin mangwaro, sai ga wani kofur, Ashafa, ya dawo daga jinya a Kano. Mota ce ta kife da su ya karye a cinya. Ana yi masa barka, sai ya miƙe ya buga ƙafar a ƙasa, ya tattare wandonsa har sama a gaban jama'a, ya ce, "Ku duba nan! Wata yarinya ce a Jakara ta yi wannan. Wallahi hannunta sanyi kamar ruwan randa. Tana kama ni na manta da wata karaya." Aka fashe da dariya. Wani ya ce fara ce ko baƙa? Ya ce bai samu ganin fuska sosai ba don akwai wata tsohuwa mai harara a gefe, amma hannun ya ƙare masa kallo, ga lalle ja wur, ga ɗan tabon ƙuna a bayan na hagu. Wani ya ce shi ma gobe zai diro daga mota.

Tabon nan na san ranar da kika same shi, ni na je na samo miki ƙwai aka shafa. A duk rundunar nan ni kaɗai ya kamata in san da shi. Ina zaune da kwano a hannu, ƙarti suna yawo da hannun matata a bakinsu. In na ce tawa ce, da wane ido zan sake duban bataliya? Ban ƙara loma ba. Kuma lallen, wa kike yi wa, ni ina nan? Kishi nake yi, ban ɓoye ba. Yana cina kamar in haɗiyi zuciya in huta.

To ki ji da kyau. Na je wurin limamin bataliya tare da wani saje, na faɗa a gabansu, ga shi kuma na rubuta da niyya: daga yau, in kika sake ɗora hannunki a jikin wani namiji da sunan ɗori, na sake ki saki ɗaya. Liman ya ce in bari in huce. Na ce a huce nake.

Ba zan sa wannan a gidan waya ba. Sani direba, abokin aikina, an mayar da shi Kaduna, gobe zai tashi kuma zai biya ta Kano ganin iyalinsa. Ya rantse zai sa ta a hannunki kafin Juma'a.

Ƙasimu

Jakara, Afrilu 1968

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai zafi, har rijiyar gida ta ja baya. Baba ya fara takawa da sanda zuwa zaure, hannun dai shiru.

Tun takardarka ta Makurɗi ban ƙara ganin ko layi ɗaya ba. Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce. Na soya maka naman layya na ajiye a tukunya ina jiran mai zuwa, har Goggo ta ce in rabar kafin ya lalace. In na ji an sauke masu rauni a tashar jirgi sai in aika a dubo ko kana ciki. In kuma aka ce lafiyarka ƙalau, sai wani abin ya taso. Wani soja da aka kawo da karayar hannu ya ce ya san ka, an gan ka a Inugu, ya ƙara da cewa sojoji da yawa sun ajiye mata a can, har aure ake ɗaurawa. Na ja masa ɗaurin nan har ya yi ƙara, Baba ya harare ni. In ka yi, ka faɗa mini, gara in ji daga bakinka. Fara ce ko baƙa? Ta iya tuwo?

Ga wani labari, ban san yadda za ka ɗauke shi ba. Juma'ar da ta wuce Baba ya tara dangi. Ka san al'adar gidan nan, maɗori ba ya tafiya da abinsa, yakan tofa a tafin wanda zai gaje shi ya damƙa masa wuƙar fere kara. Kowa ya zaci sunanka zai kira, a ajiye maka har ka dawo. Da ya ce ni, dattawa suka ce ba a taɓa ba mace ba tun kaka da kakanni. Baba ya ce shi ma bai taɓa shanyewa ba sai bara. Ya kama hannuna da hagunsa ya tofa. Na yi kuka, Yaya. Na so a ce kana nan, na kuma ji tsoron a ce kana nan.

Har yanzu akwai gidajen da ba a gayyata ta biki ko suna. Wani lokaci abin yana yi mini ciwo, wani lokaci aiki ba ya barina in tuna.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Matarka,
Zaituna

Inugu, Mayu 1968

Zaituna,

Lafiya lau. Na ga takardarki.

Kin ce ba ki ga tawa ba. Sani mutum ne mai cika alkawari, tun da nake da shi bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kin gani sarai, kin ninke kin tura ƙarƙashin tabarma, kika zauna kina ba ni labarin hannun soja da wuƙar Baffa don ki ƙona mini rai. To kin ƙona. Wai har ni za ki tambaya fara ko baƙa! Ni ba ni da kowa a nan sai mota. Ke ce mai zaure cike.

Na gaya wa liman ba ki daina ba. Ya ce to abin da na faɗa ya auku, amma da sauran dama: in ce na mayar da ke a gabansa tun idda ba ta cika ba, shi ke nan, ko da ba kya wurin. Har gareji ya biyo ni yana roƙo, ina ƙarƙashin mota yana tsugune yana magana. Na ce ba zan faɗa ba sai na ga takardarki kina ba ni haƙuri, kin ce kin bar zauren. Ni ma ina da zuciya.

Maganar wuƙa kuwa, Allah ya sanya alheri. Ban taɓa son ta ba. Amma ai da an tambaye ni.

Ƙasimu

Jakara, Yuni 1968

Yaya Ƙasimu,

Muna lafiya. Ruwa ya sauka, kwatamin Jakara ya kawo har bakin lungu.

Takardarka ta Mayu ta zo, na karanta ban gane komai ba. Me ka faɗa? Me ya auku? Wace idda? Na yi ta juya ta kamar taɓaɓɓiya. Ana nan, shekaranjiya sai ga wani mutum da sanduna a hammata yana sallama. Na zaci ɗori ya zo, har na ce a shimfiɗa tabarma. Ya ce shi ne Sani. Motarsu ta faɗa rami bayan garin Lafiya washegarin rabuwarku, ya yi wata da watanni kwance a asibiti, da farko ko sunansa bai sani ba. Takardarka tana aljihun rigarsa, duk ta yi jirwaye. Bawan Allah yana ta ba ni haƙurin jinkiri, bai san abin da ya ɗauko ba.

A tsaye na karanta ta. Sannan na karanta wa Baba. Ya ce a kira Malam Isyaku, mai karantar da fiƙihu a Yakasai. Malam ya dubi kwanan wata, ya tambaye ni yaushe na taɓa namiji bayan wannan rana. Na ce Malam, ai babu ranar banza, ko washegari akwai wanda na ɗaure. Ya ce rantsuwar saki ba ruwanta da na sani ko ban sani ba, tunda ka rubuta da niyya, ga kuma shaidu. Ya sa Goggo ta shiga ɗaki da ni ta yi mini tambayar mata. Da ta fito ta gaya masa, sai ya ce idda ta cika tun ƙarshen watan jiya.

Watau ranar da nake soya maka naman layya, ni sakakkiya ce. Ranar da nake kishin matan Inugu, kishin mijin da ya sake ni nake yi. Ranar da liman yake tsugune a gareji kuwa da sauran kwana, Yaya, da sauran kwana! Magana ɗaya aka roƙe ka. Kana da baki, ga liman a gabanka. Ka zaɓi ka ce na yi ƙarya. Yaushe na taɓa yi maka ƙarya, ni da na kawo ƙarar kaina wurinka tun cikin azumi?

Lallen na ƙaramar salla ne. Na yi shi ne don an ce za a ba wasu direbobi hutu, na ce ko kana ciki. Kofur ɗin kuwa ban tuna fuskarsa ba. Cinyar nake tunawa, karaya ce mai wuya, a karkace. In an kwantar da mutum a gabana ƙashi nake gani.

Malam ya ce yanzu babu damar ka mayar da ni, sai sabon aure da sabon sadaki da yardata. Goggo ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya.

Zaituna

Inugu, Agusta 1968

Zaituna,

Sallama da gaisuwa. Jikina lafiya. Sauran ban sani ba.

Na karanta. Na kai wa liman, ya ce abin da Malam Isyaku ya faɗa haka yake. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na ji sauƙi. Na zalunce ki da na ce kin yi ƙarya.

Ashafa ya rasu. An yi musu kwanton ɓauna a wata gada kudu da nan, ni aka aika in ɗauko su. Da muka zo sauke shi, ƙafar nan ce ta faɗo ɓangarena. Na riƙe ta. A miƙe take sambal, ba ka ce ta taɓa karyewa ba. Na yi masa addu'a, Allah shaida. Amma ina riƙe da ita ina cewa a raina, nan ta taɓa, nan ma ta taɓa. Gawa fa, Zaituna. Ki ga irin ciwon da ke jikina.

Ina son ki. Ban san yadda ake tuna gida babu ke ba. Tun da na san babu igiyata a kanki, duk sojan da aka ce zai tafi Kano jinya sai in bi shi da ido har ya hau mota. Wa ya zo? Kada ki ɓoye mini. Na san an fara sallama, ga zaure cike da maza, ga ki ba aure.

Na rubuta wa Baffa dabam, ina roƙo a sake ɗaura mana, Malam Isyaku ya tsaya mini wakili. Ban ce ki bar ɗori ba, kin ga na sauko. Ki riƙa yi wa mata da yara. In namiji ne, a nemi wani ya kama, ke ki riƙa faɗa masa daga bayan labule. Wannan kaɗai na roƙa. Ki ce to.

Ƙasimu

Jakara, Satumba 1968

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Allah ya ji ƙan Ashafa da waɗanda suka tafi tare da shi, kai kuma ya tsare ka. Baba yana nan yadda yake. Goggo ta warware, ta koma yagar tsummanta.

Ka tambaya wa ya zo. Wani mai sayar da fata a Ƙofar Wambai ya aiko, da wani malamin makaranta. Na ce a ba su haƙuri. Ba ruwansu da wannan magana, kada ka ɗora musu.

Na karanta wa Baba taka. Ya ce karon farko shi ya bayar da ni, wannan karon ni ke da bakina. Na ce ya ba ni lokaci. Na yi istihara, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Har yau in mota ta tsaya a bakin lungu sai na ɗaga kai. Har yau in na tuna wata tana iya zuba maka miya a can sai abinci ya fita raina, alhali ba ni da hurumin haka. Na san ciwon da kake faɗa, ina da irinsa. Amma nawa bai taɓa sa na ce ka bar mota ba.

Ƙashi ba ya jin magana daga bayan labule. Da yana ji, da Baba bai kira ni ba, ai bakinsa lafiya lau. Yawancin waɗanda ake kawowa maza ne, 'yan dako, magina, sojoji irinku. In na ce to, ranar da aka shimfiɗa wani yana ihu a hannun wanda bai iya ba, zan ɗage labulen in fito, na san kaina. Kai kuma za ka ji, ko a Inugu ko a bakin kasuwa, ka sake rantsuwa. Igiya biyu ta rage. Za mu tsinka su ɗaya bayan ɗaya mu koma ba ma ga maciji, mu da muka tashi gida ɗaya. Wannan ba zan iya ɗauka ba.

Don haka amsata a'a ce. An kwaso kayan ɗakina daga Yakasai ranar Lahadi. Tufafinka suna adakar Goggo, na wanke su na sa musu kafur.

In yaƙi ya ƙare ka dawo, gidan nan gidanku ne. Ka shigo ta zaure kamar kullum, duk wanda ka tarar a kwance ka yi masa sannu. Kada ka yanke wa Baba takarda saboda ni, ba ya wuni bai tambayi labarinka ba. Ka riƙa rubuto masa. Ni zan riƙa karanta masa.

Ƙanwarka,
Zaituna